Tagar Baba Fanka

Mijina mai haɗa na'urar sanyaya ɗaki ne, wadda yanzu kowa yake kira esi. Tun kafin in aure shi sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane, sai dai ka ji ana Mai Sanyi, Mai Sanyi. Sunan ko kaɗan bai yi kama da shi ba. Mutum ne mai gumi, ko ruwan sama ake tsugawa za ka ga goshinsa yana naso. Yini yake yi a kan tsani cikin rana yana ɗaure injina a bangon mutane, su su shiga ciki su ja bargo, shi kuwa ya dawo min gida sharkaf, bayan rigarsa duk farin gishiri. Na sha gaya masa da ni aka ba raɗin suna, Mai Zufa zan sa masa.

Yana da wata magana da yake maimaita wa duk wanda ya yaba aikinsa. Cewa yake shi bai taɓa ƙera sanyi ba. "Zafin ɗakinka kawai nake kwashewa in kai waje. Zaga bayan gidan ka tsaya gaban injin, za ka same shi yana nan, bai je ko'ina ba." Mutane su yi dariya, su ɗauka raha ce. Ni kam na ji ta har ta gundure ni, in ya fara ma ƙarasa masa nake yi.

Sana'ar a hannun wani tsoho ya koya, wanda duk layin ke kira Baba Fanka. Ba mahaifinsa ba ne, ba su haɗa ko dangi ba. Mijina ya taso ba uba, ya riƙa raɓewa a ƙofar shagon tsohon yana kallon yadda ake naɗa wayar fanka, har ranar da aka miƙo masa sukudireba aka ce, "Tunda ba za ka tafi ba, kwance min wannan." Daga fanka suka koma firiji, daga firiji mijina ya tsallaka zuwa esi, ya bar tsohon a baya. Baba bai taɓa jin haushi ba. Duk wanda ya kawo masa aikin da ya fi ƙarfinsa, sai ya ce, "Kai wa ɗana, hannunsa ya fi nawa." Shi ya shige gaba aka je neman aurena. Har na aurar da 'yata ta fari bai daina kirana Amarya ba.

Da aka rushe tsoffin shagunan layin aka tayar da bene, mai ginin ya ji kunyar korar tsohon, ya bar masa wani ɗan ɗaki a ƙasa ta can baya. Ƙofar ɗakin cikin matattakalar bene take buɗewa, wurin da iska ba ta ratsawa. Amma akwai taga guda, mai faɗi, tana kallon wani siririn lungu tsakanin benen da doguwar katangar maƙwabta. Rana ba ta sauka a lungun nan. Da la'asar wata iska ke biyo shi, mai sanyi, har ta riƙa kaɗa labule. A bakin tagar Baba ya kafa teburinsa, a nan yake ɗan naɗe-naɗensa, a nan yake cin abinci. Ƙirjinsa dama ba lafiyayye ba ne, hayaƙin dalma na shekara da shekaru ya cinye shi. Yakan ce tagar nan ita ce likitarsa.

Sai ga mai ginin ya ba mijina aikin sa esi a duka shagunan ƙasa da ofisoshin sama. Bai taɓa samun aiki mai girmansa ba. Ranar da ya dawo da labarin, har waƙa ya yi a banɗaki, shi da muryarsa kamar ana jan gwangwani a titi.

Ga wanda bai sani ba, esi kashi biyu ne. Akwai na cikin ɗaki mai hura sanyi, akwai injin waje mai amayar da zafi, bututun jan ƙarfe ne ke haɗa su. Mai ginin ya gindaya sharaɗi: kada ya ga inji ko ɗaya a gaban benensa, ba ya son a ɓata wa gininsa fuska. Saura wuri biyu kenan, ko saman rufi, ko lungun baya. Su kuwa masu wannan sana'a abu biyu suke so wa inji, gajeren bututu da inuwa. Saman rufi ba ko ɗaya. Lungun kuwa kamar don injin aka gina shi.

Ina wurin ranar da ya yi tambayar. Mun kai wa Baba abinci, ina zaune a bakin gado, su biyun suna bakin taga. Mijina ya yi ta juya hularsa a hannu, sannan ya ce, "Baba, shawara nake nema a kan aikin nan. Tsakanin saman rufi da lungun nan, ina ya fi wa inji?"

Na ga fuskar tsohon ta washe. An daɗe ba wanda ya nemi shawararsa a kan wani abu da ya wuce fankar tebur. Ya gyara zama, ya leƙa lungun, ya ɗaga kai ya dubi sama.

"Wannan ai ba tambaya ba ce, yaro. Ka kai inji cikin rana, ka ja masa bututu har sama, so kake ya mutu kafin ya biya wahalarsa? Inuwa ta fi masa."

"Haka na gani ni ma, Baba."

"To me kake jira? Amarya, mijin nan naki tsufa ya fara kama shi, abin da ya sani ma sai ya tambaya."

Muka yi dariya duka. A hanyar komawa gida hankalin mijina ba ya tare da ni, na ɗauka lissafin aiki yake yi.

Ya yi aikin, kuma ya yi shi da kyau, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Ya jera injinan a bangon lungun, wasu sama da tagar Baba, wasu a gefenta, kowanne a kan ƙarfensa daram, bututu a naɗe tsaf. Masu shaguna suka yi ta sa albarka. Mai sayar da magani ya ce yanzu kayansa ba sa lalacewa, mai gyaran gashi ta ce kwastomominta har barci suke yi a kujera. Sunan Mai Sanyi ya ƙara tafiya, waya ba ta barinsa ya ci abinci.

Da zafi ya kankama na je gaida Baba ni kaɗai. Tun daga matattakala na ji wani gunji yana bin bango. Na tura ƙofa, wani huci ya dake ni a fuska kamar na buɗe murfin tukunya. Taga a rufe, an cusa tsummoki a duk wata kafa tata. Baba yana zaune a ƙasa da 'yar singileti, ya jiƙa tawul ya ɗora a wuya, numfashinsa yana fita da ƙara. Teburin naɗin an ture shi gefe, ƙura ta hau kansa.

"Baba, me ya sa aka rufe taga?"

"Ƙura ce ta dame ni, Amarya. Zauna mana. Ya yaran?"

Ban zauna ba. Na je na zare tsumma ɗaya na tura tagar kaɗan. Iskar da ta shigo ta fi ta cikin ɗakin zafi, ga warin ƙarfe, ga ƙarar injina duk a lokaci guda. Lungun ba shi da faɗin da zafin zai watse, katanga ta tare shi, sai ya yi ta kewaye a wurin. Ruwan da injinan ke ɗigarwa ya taru a ƙasa har ya yi gansakuka. Na mayar da tagar na rufe da hannuna.

"Kada ki gaya masa komai," in ji Baba. "Yana da aiki a gabansa."

Ni ba a ba ni irin wannan ajiya. Ina isa gida, ko mayafi ban cire ba na gaya wa mijina. Ya saurare ni yana kallon ƙasa, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne bai yi mamaki ba. Washegari ya sayi sabuwar fanka, doguwa mai tsayawa, ya ce in kai wa Baba. Na ce, "Baba Fanka za a kai wa fanka? Ai sai ka haɗa masa da darasin yadda ake kunna ta." Na kai. Tsohon ya shafa ta, ya juya ta, ya ce naɗinta ba laifi, ya yi ta godiya. Muka kunna, ta yi ta juya iskar zafin nan daga wannan bango zuwa wancan.

Daga nan mijina ya koma aike. Yau lemo, gobe maganin tari, jibi sabon tawul, duk ta hannuna. Shi da ba ya iya kwana biyu bai leƙa Baba ba, ya daina bin layin gaba ɗaya. In aiki ya kai shi wajen, sai ya zaga ta wani titi mai nisa, ya ce wai cunkoso yake gudu. Waƙar banɗaki ta tsaya. Maganarsa ta kwashe zafi a kai waje ma ban sake jin ta ba, har na fara kewarta.

Sannan esin ɗakinmu ya lalace. Haka dai ya ce. Muka yi ta fama da mahuci, yara suna ƙorafi, maƙwabta suna tsokanata wai matar Mai Sanyi ke fifita da murfin kwano. Kullum sai ya ce zai duba. Wata ranar shara na ja kujera na ga wayar esin a zare take daga bango, an naɗe ta an ɓoye a baya. Lafiyar esi ƙalau.

Na jira shi ya gama cin abincin rana, na ajiye masa bakin wayar a gaba.

"Baban yara, wannan kuma fa? Mu kake horarwa ko kanka?"

Ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "In na kwanta cikin sanyi, shi nake gani."

"To ganin nasa a nan me ya rage masa? Zufarmu ba ta buɗe masa taga."

"Ke ba ki gane ba." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ranar da na tambaye shi, na riga na san abin da lungun zai zama. Na auna shi da idona tun kafin mu je. Da na ce masa, Baba, zafin nan ɗakinka zai shigo, ka yarda? To wannan tambaya ce. Ni kuwa sai na tambaye shi abin da ya fi wa inji, don na san amsar da mai sana'a zai bayar."

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, kuma haushin ya fi yawa. Na ce ya tashi ya je ya kwance su. Ya ce zai yi wa mai ginin magana. Ya yi masa kuwa, mai ginin ya ce ba zai kashe wa 'yan haya sanyi ana tsakiyar zafi ba, a bari damina ta sauka. Mijina ya karɓi wannan amsa da hannu biyu, don ta yi masa daɗi. Gaskiyar ita ce kunya yake ji. Kwance injinan nan yana nufin ya hau tsani a gaban duk masu shagunan da suka yabe shi, kowa ya gane Mai Sanyi ya yi aikin da sai an warware. Na faɗa masa haka a fuskarsa, ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya fita.

Damina ba ta riga ta sauka ba Baba ya faɗi. Mai sayar da magani ne ya ji shiru da rana tsaka, ya leƙa, ya same shi kwance a bakin ƙofa yana kokawa da numfashi. Aka kai shi asibiti. Da aka sallame shi, 'yarsa da muke kira Auta ta tafi da shi gidan mijinta a ɗaya gefen gari.

A ranar mijina bai nemi izinin kowa ba. Ya ɗauki tsani da igiya ya tafi. Ya bi injinan ɗaya bayan ɗaya, ya tara gas ɗin kowanne, ya kwance, ya ja shi sama da igiya, ya ja sabon bututu har rufi, ya kafa musu rumfar kwano don rana. Masu shaguna suka yi ta mita, mai ginin ya zo ya yi faɗa ya gaji ya tafi. Kwanaki ya yi yana wannan aikin, fatar wuyansa har saɓulewa ta yi. Duk abin da ya ce ba zai yiwu ba, sai ga shi ya yiwu. Da ya gama ne ya ce in raka shi gidan Auta, don shi kaɗai ƙafarsa ba za ta kai shi ba.

Mun sami Baba a kan katifa a barandar gidan, an jingina shi da matasai. Ya rame ƙwarai, idonsa a lumshe. Auta ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, ko gaisuwa ba mu gama ba ta fara.

"Yaya, gara da ka zo. Likita ya ce ɗakin nan ne ya ƙarasa masa ƙirji. Na je kwaso kayansa, wallahi ko minti biyar ban iya yi a ciki ba. Wane marar imani ne zai jera wa tsoho injina a bakin taga? Na tambayi Baba, ya ce wasu baƙin ma'aikata ne, bai san su ba. Kai ka san duk 'yan sana'arku. Don Allah ka binciko min ko waye, in je in ga idonsa."

Na dubi Baba. Bai buɗe ido ba, amma na ga yatsunsa sun damƙe bakin zanin da aka lulluɓa masa. Na dubi mijina. Zufa ta wanke masa fuska, yana riƙe da kofin ruwan. Ƙofar kuɓuta a buɗe take, tsohon da kansa ya buɗe masa ita, da ya ce zai bincika da magana ta ƙare.

Ya ajiye kofin. Ya ce, "Ni ne, Auta."

Ta yi 'yar dariya, ta zaci wasa ne. Da ta ga ba wanda ya taya ta, sai ta miƙe tsaye. Ta dubi mahaifinta, ta dube ni. "Yaya," kawai ta ce, ta shige ɗaki ta ja labule. Muna jin kukanta daga ciki.

Baba ya buɗe ido. "Kai dai tun kana yaro bakinka ba ya riƙe magana."

Mijina ya matsa ya durƙusa a gefen katifar. "Baba, na ɗauke su. Duk na mayar da su saman rufi. Lungun ya dawo yadda yake, iska na bi. In ka warke sai ka koma ɗakinka."

"Saman rufi? Cikin ranar nan? Ka yi musu rumfa dai ko?"

"Na yi."

"To madalla. Akwai wanda ka ɗaura daidai saman tagar, fankarsa ta fara karkarwa, ka duba ta kafin ta ci ƙarfen. Sauran kam lafiyarsu lau. Ina kwance ina sauraronsu, ko ɗaya bai taɓa tari ba. Aiki ya yi kyau, yaro."

Da zaginsa ya yi da ya fi masa sauƙi. Mijina ya kifa goshinsa a bakin katifar, kafaɗunsa suna girgiza. Tunda nake da shi ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Da ya ɗago ya ce, "Baba, ka yafe min. Ba tambayar da ta kamata na yi maka ba. Da na tambaye ka ko zai dame ka, me za ka ce?"

Tsohon ya ɗan yi tari, ya ɗora hannu a kansa.

"Cewa zan yi ba komai. Kai ma ka sani, ai shi ya sa ka zo wurina." Ya huta, ya ja numfashi. "Na yafe maka tun tuni. Tashi, kana jiƙa wa Auta katifa."

Baba bai koma ɗakin ba. A barandar nan ya ƙarasa kwanakinsa, ana farkon damina. Auta tana gaishe mu in an haɗu, amma ba ta sake cewa Yaya ba, Mai Sanyi take cewa kamar kowa.

Har yanzu mijina yana sana'arsa. Sai dai duk inda aka kira shi, kafin ya shiga ɗakin da za a sanyaya, bayan ginin yake fara zagawa. In ya ga taga, sai ya ƙwanƙwasa ya tambayi wanda ke kwana a ciki, kuma ko an ce masa ba komai ba ya yarda. Masu gida da yawa sun kore shi a kan haka, suna cewa tsufa ya sa masa fitina. Esin ɗakinmu ni na mayar da wayarsa da kaina, amma in na kunna, tabarma yake ɗauka ya koma tsakar gida.

Bayan rasuwar Baba, mai ginin ya ba mijina makullin ɗakin don ya kwashe sauran kayan aikin. Na bi shi. Ya zare tsummokin ɗaya bayan ɗaya, a cikinsu har da tawul ɗin da ya aike ni da shi, an yayyaga an cusa a kafofi. Ya tura tagar, ta ƙi, ya sa kafaɗa ta buɗe. La'asar ce, iskar ta biyo lungun ta shigo, ta ɗaga labulen, ta kwashe ƙurar kan teburin. Ya ja kujerar Baba zuwa bakin tagar, ya gyara mata zama, sannan ya koma bakin ƙofa ya tsaya.